Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Cikin Tagwaye

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso ni, kuma na yi farin ciki da jin cewa hoton ciki ya nuna uwargida na ɗauke da tagwaye. Allah Ya sauke ta lafiya. Sai dai akwai wata jimla a saƙon da ta hana ni sukuni, inda ka ce ƙafafunta da fuskarta sun kumbura, tana yawan kukan ciwon kai, amma kana ganin nauyin 'yan biyu ne kawai. Ni ma haka na ce lokacin da maiɗakina ke da cikin tagwayenmu, kuma saura ƙiris wannan magana ta jawo mana asara.

Tana mako na 33 ne zoben hannunta ya ƙi fita, ko da sabulu. Kwana biyu bayan haka ta ce tana ganin wasu ƙyalƙyali a gabanta, ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ni kuwa na ce ta kwanta ta huta zuwa ranar awo. Da dare ya yi ciwon kan ya tsananta, muka tafi asibiti. Har yau ina tuna yadda ma'aikaciyar jinya ta auna jininta, ta yi shiru, ta sake ɗaura abin awon a ɗaya hannun, sannan ta fita da sauri kiran likita. Awon ya nuna 160 bisa 110, alhali daga 140 bisa 90 ake fara cewa mai ciki na da hawan jini, kuma an samu sinadarin furotin a fitsarinta. Likitan ya bayyana mini cewa wannan hawan jini na masu juna biyu ya fi kama mai ɗauke da tagwaye, kuma idan aka yi sakaci shi ne ke kaiwa ga jijjiga, wadda kan iya tafiya da uwa da 'ya'ya gaba ɗaya. Nan take aka yi mata allurar magnesiyam salfet don tare jijjigar, da wata allurar da ke taimaka wa huhun jarirai ya ƙosa da wuri.

A mako na 34 aka yi mata tiyata, domin jaririn da ke gaba ya juyo da ƙafa. Yaran sun yi kwanaki a kwalba kafin su iya shan nono da kansu. Haihuwa kafin lokaci ba baƙon abu ba ne a cikin tagwaye, kuma ko da komai na tafiya daidai likitoci kan so a haihu wajen mako na 37, ko na 36 idan mabiyiya ɗaya yaran ke tarayya a kai. Ka tambayi likitanku wane iri ne naku, domin masu mabiyiya ɗaya sun fi bukatar hoto a kai a kai, saboda jini kan iya rinjaya wajen ɗaya ya bar ɗan'uwansa a tsumbure.

Abin da ban shirya masa ba shi ne jini. Mahaifar da ta buɗe ta ɗauki mutum biyu ba ta saurin tsukewa bayan haihuwa, don haka zubar jini ta fi yawa, ga shi dama ƙarancin jini ya riga ya kama ta. Sai da aka ƙara mata leda biyu, ina ta kiraye-kirayen waya da tsakar dare. Ka san rukunin jininta tun yanzu, ka kuma tanadi mutum biyu ko uku da za su iya bayarwa.

Roƙona gare ka shi ne kada ku jira ranar awo. Ku je yau a auna jininta da fitsarinta, kuma duk lokacin da ta ga jini, ko faya ta fashe, ko ta ji motsin yaran ya ragu, ku kama hanyar asibiti ko da ƙarfe nawa ne. Ka sanar da ni abin da awon ya nuna. Maiɗakina na gaishe da uwargida, ta ce ta kira ta idan ta samu sauƙi.

Wassalam,
Amininka.