Na daina sayen faifan gem

Mutumina, salamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin can? Hajiya tana gaishe ka, wai ka manta da mu tunda ka hau jirgi.

Ka tuna faifan ƙwallon nan da muka haɗa kuɗi muka saya a kasuwa, muka zo gida muka sa ya kusa gamawa sai ya tsaya cak, ka dinga huci kana goge shi da gefen rigarka har da man goge baki, da muka mayar mai shagon ya ce shi kaya in ya fita ba ya dawowa? To ni dai na rabu da wannan wahalar.

Watan jiya laftof ɗina ta mutu murus, na lallaba na sayi wata 'yar hannu, wadda ma ko gurin sa faifai babu a jikinta. Ina shiga akawun ɗina na Steam, shagon nan na intanet da ake sayen gem a sauke, sai ga gem ɗina gaba ɗaya a jere, wasu har inda na tsaya suka ajiye min, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Ashe tun 2003 kamfanin Valve ya buɗe abin nan, mu muna can muna goge faifai. Kuma in ka sayi gem bai yi maka ba, matuƙar ba ka buga awa 2 ba kuma bai wuce kwana 14 ba, za su dawo maka da kuɗinka. Ina ma mai shagon nan ya ji.

Sannan akwai garaɓasa, Epic, wani shagon gem na intanet irin Steam, duk sati sai sun ba da gem kyauta, a 2020 har GTA V suka raba. Yanzu ma wani na noma nake bugawa, Stardew Valley, mutum ɗaya ne ya yi shi ya saki a 2016, ka ga da sai an buga faifai an yi lodi an kai shaguna ai da wuya irinsa ya iso gare mu. Kar ka min dariya, ni da ko fartanya ban iya riƙewa ba.

Matsalar dai data ce, GTA ɗin nan wajen gig 100 ne, kwana da kwanaki na yi ina sauke shi da datar dare, sauƙinta in an ɗauke wuta daga inda ya tsaya yake ci gaba.

Kai da wifi yake kyauta a makaranta me kake jira? Ka buɗe akawun ka turo min sunan, mu haɗu ran Asabar bayan isha'i ta nan, in rama cin da ka min kafin ka tafi.

Naka har kullum.