Wasiƙa daga Nima, Accra

Sani, assalamu alaikum.

Ya sanyin Hamburg, ya uwargida da yara? Na ga saƙonka kan filin Kasoa, zan amsa maka shi daga baya. Ba fushi ya sa ka ji ni shiru ba, gidan Baba ne ya sha kaina.

Tun bayan ƙaramar Sallah soket ɗin ɗakin Inna yake warin ƙonanniyar roba. Na kira mai aikin lantarki, mai takardar Energy Commission, hukumar makamashi ta Ghana, don tun dokar 2011 irinsu aka yarda su ja wa gida waya, ba irin abokinka mai filaya a aljihun baya ba. Ya hau silin, ya sauko fuska duk yanar gizo, riƙe da guntun waya. Yana murza ta da yatsa robar ta marmashe a tafin hannunsa, tagulla ta fito tsirara. Ja da baƙa ce, tun ta ginin gidan. Kowane ɗan haya da ya shigo kuma ya ɗaura tasa a kai, wani da salatif, wani wallahi da ledar burodi. Babu wayar ƙasa ko ɗaya. A akwatin fis an cire siririyar wayar an cusa mai kauri don ta daina tsinkewa, alhali an yi ta ne ta ƙone kafin gida ya kama.

Baba don ƙwan fitila da rediyo da fanka ya ja wutar nan. Yau kowane ɗaki da firji da dutsen guga, ga firizar mai sobolo, wato zoɓo, da ba ta hutawa.

Sai Kawu ya tubure, wai tagullar zamanin da ta fi ta yanzu, kada a taɓa. Kuma yana da ɗan gaskiya. Da muka je Opera Square, inda ake sayar da kayan lantarki, mai lantarkin ya kankare wata waya mai arha da wuƙa, sai ga fari a ciki, alminiyon ne aka shafa wa launin tagulla. Muka bar ta. Amma tagullar gidanmu lafiyarta lau, rigarta ce ta mutu. Kawu ya ce to a bar tsohuwar a bango ko za ta yi rana. Mutumin ya ƙi. Wadda ke cikin bututu ya ɗaura mata sabuwa a wutsiya, yana jan tsohuwar, sabuwar na bin bayanta. Wadda siminti ya danne ya yanke ta baki biyu, ya gwada da mita ya tabbatar babu wuta, don kada gobe wani gwani ya tono ya jona. Yanzu ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ta dawowa, kore da rawaya ta ƙasa. Wayar fitilu mai kaurin 1.5, ta soket mai 2.5, an kafa sandar ƙarfe a tsakar gida, bureka ta maye gurbin fis.

 Kawun da ya ce kada a taɓa kuwa, shi ne ya tattara tsohuwar wayar a buhu ya tura ƙarƙashin gado, yana jiran masu kondem, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su taya. Yara ko kusa ba sa zuwa.

Abin da ya hana ni barci shi ne gidan Hajiyarku. Tare aka gina su da namu, kuma na ji an ce mutum ɗaya ne ya ja musu waya. Na leƙa gaishe ta, na ga baƙin tabo a saman makunnin zaure, ta ce ai ya daɗe haka. Ba za ta faɗa maka ba, ka san ta. Ka yi magana da Yaya, in kun amince in kai mutumin ya hau silin ya duba kafin iskar hunturu ta busar da katakon rufi. Kuɗin dubawa ni zan biya, na aikin kuma naka ne, mai Yuro.

Inna na gaishe ka, ta ce man zafin da ka aiko ya ƙare.

Naka,
Awudu