Rahoton Ayyukan Shekara: Shirinmu na Koya wa Matasa Shugabanci a Bakin Aikin Kare Namun Daji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawa, shugaba, ma'aji, da sauran 'yan uwa membobi maza da mata, ga rahoton ayyukan shekarar da muka kammala. Lissafin kuɗi ba ya ciki, ma'aji zai karanto nasa ranar babban taro da rasidai a hannu. Ayyukan da muka saba, duba marasa lafiya, ta'aziyya, buɗa-bakin azumi a Agege da Idi-Araba, duk an yi su, Allah ya saka wa waɗanda suka ɗauki nauyi. Ba zan tsaya a kansu ba. Abin da ya fi cin lokacinmu bana, kuma ya fi jawo gardama a zamanmu, shi ne shirin tura yaranmu masu digiri su koyi jagorancin mutane a wuraren da ake aikin kare namun daji.

Ga waɗanda suka shigo ƙungiya kwanan nan, ga yadda abin ya samo asali. Muna da yara da suka karanta ilimin gandun daji ko na dabbobi a jami'o'i, wasu kuma a kwalejin tarayya ta kula da namun daji da ke New Bussa a jihar Neja. Suna gama bautar ƙasa sai su dawo Legas su zauna. Wani ya koma rumfar mahaifinsa a Mile 12 yana auna albasa, wata tana koyar da yara a makarantar kuɗi. Sana'a ba abin kunya ba ce. Sai dai duk wanda ya je neman aiki a fanninsa tambaya ɗaya yake tararwa: ka taɓa riƙe mutane? Ka taɓa raba wa wasu aiki suka bi? Takardar digiri ba ta amsa wannan, kuma a aji ba a koyar da shi.

Wani dattijonmu ya tambaya tun farko, wane namun daji ne a Legas ban da ɓeraye? An yi dariya, amma tambayar ta cancanci amsa. A cikin ruwan da ya kewaye garin nan akwai ayu, wanda da yawanmu mansa kawai muka sani a hannun masu magani. Kunkurun teku na fitowa gaɓa ya yi ƙwai. A Epe ana sayar da naman daji a fili. Mafi nauyi kuma, tashar jiragen ruwa ta Apapa ta zama hanyar fitar da ɓawon dankunya (dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke dunƙulewa in ta ji tsoro) da hauren giwa zuwa Asiya. Tun 2016, a taron ƙasashen yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, a Johannesburg, aka haramta cinikin dankunya tsakanin ƙasashe, amma a watan Janairun 2021 jami'an kwastam suka kama kwantena a Apapa da tan-tan na ɓawonsa haɗe da haure, za a kai Vietnam. A Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan 2.5 na hauren giwa a Abuja. Dabbar da aka kashe a dajin Kamaru ko Kongo sau da yawa ta ƙofar gidanmu take wucewa.

Tsarin da muka bi mai sauƙi ne. Mun roƙi wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke aiki a yankin Lekki da Epe su karɓi yaranmu, mu kuma mu ɗauki kuɗin mota da na abinci. Sharaɗinmu guda: kada a ajiye yaro a ofis. Watannin farko ya bi babba yana kallo, daga nan a damƙa masa abu na gaske, jadawalin sintiri, ko kuɗin man kwalekwale, ko rubuta rahoton mako, a bar shi ya yi kuskurensa a inda za a iya gyarawa. Duk ƙarshen wata kuma su hallara a Agege, kowa ya faɗi kuskure ɗaya da ya yi a gaban sauran. Wannan zaman ya fi komai wahalar musu da farko. Yanzu su ke tuna mini ranarsa.

Zan kawo labarin ɗaya daga cikinsu, da izininsa, don shi ne ya fi nuna abin da muke nufi. An ba shi jagorancin masu sintiri a wani rafi da ke bayan Epe, inda itatuwan ruwan gishiri suka yi duhu kuma ake ɗana tarko. Mutanen da aka ce ya jagoranta duk sun girme shi, wani ya yi jika da shi, kuma babu wanda ya wuce firamare a cikinsu. Ranar farko ya zo da na'urar nuna wuri da taswira, ya nuna musu inda za a sauka. Babu wanda ya ce uffan. Suka tuƙa shi har wurin, ya yi tsalle ya dira, laka ta haɗiye shi har cinya. Takalminsa ɗaya yana can har yau. Su kuwa suna zaune cikin kwalekwale suna kallo, sai da ya gaji da kokawa tsohon ya miƙa masa sanda. Sun san ruwa ya janye, sun san wurin laka ce, amma ba a tambaye su ba.

Ya ce a daren bai yi barci ba, ya rubuta takardar ƙorafi ya yaga. Washegari kafin ya buɗe taswira ya ce wa tsohon da Yarbanci, "Baba, yau ta ina kuke ganin za mu bi?" Daga ranar aiki ya miƙe. Su suka koya masa gane tarkon waya daga yadda ciyawa ta kwanta, shi kuma ya koya musu sa alamar kowane tarko a na'ura, har aka ga cewa yawanci a mashaya biyu ake ɗana su, aka mai da sintiri can. Kafin ya gama wa'adinsa, ranar da kuɗin mai ya makara, su suka haɗa na aljihunsu aka fita.

A lura da cewa da Yarbanci ya yi maganar. Wannan wata dukiya ce da ba mu lissafa ba lokacin da muka fara. Yaron da aka haifa a Agege ko Obalende yana jin Hausa a gida, Yarbanci a layi, buroka a kasuwa, Turanci a makaranta. A wannan aiki, wanda yawancinsa magana ce da masunta da mafarauta da 'yan kasuwa, hakan ya fi kwas da yawa daraja. Da ɗan gari akan ci gari.

Inda Hausar ta fi amfani kuwa shi ne inda abin ya fi mana ɗaci, wato batun ungulu. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san yadda take cika mahauta da bakin kasuwa. Ku tambayi kanku yaushe rabon da ku ga garkenta. Tun 2015 hukumar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a duniya, ta sa wannan ungulun tamu ta gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba na kashe ta, ana kuma farautarta don kai da ƙafa da fuka-fukai da ake sayarwa a rumfunan magani. Ba sai mun ɓoye wa juna ba, a cikin masu kawo kayan da masu sayarwa akwai 'yan uwanmu. Ungulu kuwa ita ke share mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, aikin da babu ƙaramar hukumar da za ta yi kyauta.

Wata 'yarmu ce ta ɗauki wannan ɓangare. Zuwanta na farko wata kasuwa, wadda ba zan ambata ba, ta je da kwafin dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016, ta tsaya a kan mai rumfa tana karanto masa hukunci. Ya saurare ta tsaf, sannan ya ce, "'Yata, wa ya aiko ki?" Kafin ta kai bakin titi labari ya zagaye layin cewa 'yar leƙen asiri ta shigo, kowa ya rufe buhunsa. Laifin namu ne, mu muka bar ta ta tafi ita kaɗai. Karo na biyu ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta raka ta, aka fara da gaida shugaban layin, aka zauna, aka sha ruwa, ba a ko ambaci ungulu ba. Sai a zuwa na huɗu ko na biyar maganar ta taso, kuma daga bakinsu ta fito: kayan ya yi tsada, daga nesa ake kawo shi yanzu, har daga ƙetare. Wani daga cikinsu ya ce akwai saiwoyi da ganye da iyayensu ke amfani da su a madadin, ya yarda ta rubuta. Ba zan ce muku an daina sayarwa ba, ƙarya zan yi. Amma yau in ta shiga layin ana shimfiɗa mata tabarma, kuma ita ke jagorantar wasu samari biyu da ke tattara bayanan. Mahaifiyarta, wadda a bara ta ce mini ba ta biya kuɗin jami'a don 'yarta ta bi tsuntsun mushe ba, ita ce ta soya mana cincin a zaman ƙarshe.

Mun kuma kai membobi ziyara cibiyar kula da muhalli ta Lekki, wadda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta buɗe a 1990. Gidauniyar kanta marigayi Cif S. L. Edu ne ya jagoranci kafa ta a 1980. Fili ne mai hekta 78 da ya tsira a tsakiyar gine-gine, da birai da kadoji da wata gadar sama mai tsawon mita 401 da ke ratsa kan itatuwa. Yaran muka bar wa shirin baki ɗaya, daga hayar mota zuwa tikiti da lokacin salla. Sun yi kuskuren lissafin cunkoson hanyar Lekki, muka isa rana ta take. Wani Alhajinmu ya kai tsakiyar gada ƙafafunsa suka ƙi, ya riƙe igiya yana salati. Yaron da ke bayansa bai yi dariya ba, bai kuma ja shi ba, sai ya dinga yi masa hirar farashin shanu a Oko-Oba har suka sauka. Biri kuma ya ƙwace wa ma'aji ayaba. Wannan ba ya cikin lissafin da zai karanto.

Yanzu ga inda muka gaza. Wani ofishi ya karɓi yaranmu biyu da alkawari mai daɗi, ashe ungulu da kan zabo aka yi mana. Wata uku suna ɗaukar fayil da sayo abinci, ko sau ɗaya ba su taka daji ba. Yaran sun yi shiru don kunya, ni kuma ban je na duba ba, na dogara da waya. Wannan sakacina ne, na amsa shi. Mun janye su, ɗaya ya samu wani wuri, ɗayan zuciyarsa ta riga ta mutu a kan aikin, ya koma kasuwa. Na biyu, kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 zuwa Epe daga Agege ya zama abin da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya kullum ba, kuma abin da muka ware ya ƙare tun kafin damina ta wuce. Na uku, mata sun yi kaɗan a shirin, kuma dalilin ba rashin masu sha'awa ba ne, rashin masauki ne da iyaye za su amince da shi.

An sha tambayata me ya sa ba mu tura su gida Arewa ba, inda manyan dazuzzukan suke. Muna so. Yankari na nan da giwayenta, a hannun gwamnatin Bauchi tun 2006. Gashaka-Gumti, mafi girman gandun dajin ƙasa a Najeriya, na nan tsakanin Taraba da Adamawa. Ga fadamun Hadeja da Nguru inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin hunturu. Amma Kamuku a Birnin Gwari da yankin Kainji kowa ya san halin tsaron da suke ciki, kuma kwamiti ya yanke cewa ba zai tura ɗan kowa inda ba zai tura nasa ba. Ga sauran wuraren kuwa kuɗi ne ya tsaya mana. A ganina, kuma wannan ra'ayina ne ba na kwamiti ba, gara yaro ya fara shan lakarsa a nan kusa da mu, inda in ya faɗi za mu ji, kafin a ba shi mutane masu bindiga a dajin da babu layin waya. Ɗaya daga cikin yaran na shirya takardun neman digiri na biyu a cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, muna roƙon addu'arku.

Abubuwa uku ke jiran hukuncinku ranar babban taro. Ko mu ci gaba da ɗaukar yara da yawa da ɗan abin da ba ya isa, ko mu rage su mu riƙe su da kyau har ƙarshen wa'adi. Kwamiti ya rabu biyu a kan wannan, shugaba ya ce a kawo muku. Sai naɗa mutum biyu da za su riƙa zuwa da ƙafarsu duk wata suna duba inda yaran suke, don kada abin da ya faru a wancan ofishi ya sake faruwa. Sai kuma ko waɗanda suka gama bana za su zama masu jagorar sababbin shiga, kamar yadda su da kansu suka nema.

Akwai kuma roƙo. Duk mai ɗaki a Ajah, Ibeju ko Epe, ko wanda ya san gidan mutunci da zai riƙe 'ya mace kwana huɗu a mako, ya sanar da ni ko shugabar mata kafin taron, don da wannan za mu san yawan 'yan matan da za mu iya ɗauka.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa
Agege, Legas