Sanarwa: tattaunawarmu ta Asabar kan wasan kwaikwayon Girkawa

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar bayan sallar Isha'i, in Allah ya kai mu, za mu tattauna a nan kan yadda masanin falsafa Aristotle, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya fayyace tsarin wasan kwaikwayo na tashin hankali, wato mai ban tausayi, a littafinsa Poetics.

Ya lissafa sassa 6, amma a wurinsa zubin labari shi ne ran wasa. Kayan ado da kwalliyar dandamali kuwa can ƙasa ya ajiye su. Jarumin da yake so ba waliyyi ba ne, ba kuma mugu ba. Babban mutum ne da kuskure ya kai ƙasa, har mai kallo ya ji tausayi da tsoro.

Don Allah ku duba wurin nan a wasan Oedipus na marubuci Sophocles: manzo ya zo daga Korinti da niyyar kwantar wa sarki Oedipus da hankali kan duban da aka yi masa cewa zai kashe mahaifinsa ya auri mahaifiyarsa, ya ce ai Polybus, sarkin Korinti da ya rene shi, ba mahaifinsa ba ne. Maganar da ya yi don lallashi ita ta tona asirin asalinsa. Juyewar al'amari da gane gaskiya suka faɗo lokaci guda, abin da Aristotle ya fi yabawa ke nan, kuma a ganina ya yi gaskiya.

Masu cewa shi ya wajabta labarin wasa ya gudana a wuri ɗaya, ku zo da hujja. Malaman Italiya ne suka kafa wannan a ƙarni na 16.

Saƙon murya kada ya wuce minti biyu.