Takardar Koke Kan Gadar Kogi da Ajiyar Abinci Kafin Damina

Zuwa ga Mai Girma Mataimakin Kwamishina,
Shugaban Mulkin Gundumar Kurung Kumey,
Koloriang, Jihar Arunachal Pradesh, Indiya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Mu ne dattawa, da masu garinmu masu jar riga wato Gawon Bura, da mata da matasa na ƙauyukan da ke ƙetaren kogi a ɓangaren Damin. Mun zauna a majalisarmu ta Nyele, aka yi ta magana har itacen murhu ya cinye, a ƙarshe bakinmu ya zo ɗaya cewa a rubuto maka. Abin da ya kawo mu gada ce.

Ka fi mu sanin cewa sunan gundumar nan daga kogunanta biyu aka samo shi, Kurung da Kumey. Su ke ba mu kifi, su kakanninmu suka bi har suka kafa gidajen da muke ciki. Amma da zarar ruwan sama ya kankama a watan Mayu, sai sun raba mu da sauran duniya har wajen Satumba ko Oktoba. Gadar da muke ƙetarawa a kanta da hannunmu muka ɗaura ta, gora ce da kwagiri. Kowace shekara maza kan shiga daji kwana da kwanaki su saro kwagiri, matsattsaku na shan jininsu, su dawo su miƙa shi daga wannan gaɓa zuwa waccan, su shimfiɗa gora uku ko huɗu a tsakiya. Idan mutum ya hau, gadar na lilo, ruwa na ruri a ƙarƙashinsa har ba ya jin muryar wanda ke bayansa. Da rani ma sai mai ƙarfin hali. Da damina kuwa gorar kan yi santsi, kwagirin ya ruɓe tun daga maɗaurinsa, wata safiya a tashi a tarar babu komai sai igiya ɗaya tana reto.

A daminar bara haihuwa ta zo wa wata 'yarmu da gardama cikin dare. Samari suka ɗaura mata gadon gora, suka ɗauko ta a kafaɗa, suna karɓa-karɓa a kan hanyar da ƙasa ta zaftare. Da suka iso bakin kogi ba wanda ya yarda ya hau gadar da ita a duhu. Nan suka zauna da ita a ƙarƙashin ganyen ayaba, tsofaffin mata na riƙe da hannunta, har gari ya waye. Ita dai ta rayu. Abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Uwarta na cikin waɗanda suka dangwala yatsa a ƙasan wannan takarda, ita ce ma ta ce lallai a sa wannan maganar.

Ba mu manta alherin gwamnati ba, ranka ya daɗe. A da, duk mai neman takarda sai ya taka har garin Ziro, lokacin da muke ƙarƙashin gundumar Lower Subansiri. A 2001 aka ba mu gundumarmu, hedikwata ta dawo Koloriang. A 2015 aka sake yanke gundumar Kra Daadi daga cikin tamu, mutanen Palin suka samu tasu. A 2008 majalisar ƙasa ta share sunan Dafla da baƙi suka laƙaba mana, ta rubuta Nyishi, sunan da muke kiran kanmu da shi. Hanyar Joram zuwa Koloriang ma mun ga yadda ta canza. Sai dai duk wannan kusancin iyakarsa wancan gefen ruwa. Ofishin jami'in da'ira, wato ƙaramin yankin mulkinmu, da ɗakin shan magani da makarantar sakandare da shagon shinkafar gwamnati, dukkansu sai an ƙetare kafin a kai gare su.

Shinkafar ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Noman sassabe muke yi a jikin tsauni, shinkafar tudu da tamba da masara, kuma abin da ake girbewa ba ya kai gida ƙarshen shekara. Daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, lokacin ne kogi ke cika. Jirgi mai saukar ungulu ba ya iya shigowa idan hazo ya rufe kwari, kuma hazon kan yi mako bai yaye ba. Sai a koma cin tasse, garin da ake tatsowa daga cikin icce, wanda maƙwabtanmu Puroik suka fi kowa iya sarrafa shi. Abincin kakanni ne, ba ma raina shi, amma ba zai riƙe mai shayarwa da yaro wata huɗu ba. Gishiri da kananzir kan ninka kuɗinsu saboda a bayan mutum suke isowa. Kadamom, kayan ƙamshin da aka ƙarfafa mu mu shuka don mu samu na kashewa, sau da yawa a gida yake yin fumfuna.

Malamai ma ba mu ga laifinsu ba. Wanda aka turo ƙauyen da ya san idan ya shiga a Mayu ba zai fito ba sai Oktoba, dole ya yi ta jan ƙafa. Ƙidayar 2011, wadda ta sami mutum 92,076 a gundumar kafin a raba ta, ta nuna waɗanda suka iya karatu da rubutu a cikinmu ba su kai rabi ba. Mu mun san ƙauyukan da suka ja wannan lissafi ƙasa, domin a cikinsu muke kwana. Shi ya sa duk mai ɗan hali yake kwashe 'ya'yansa zuwa Koloriang, daga can sai Itanagar, babban birnin jiha, ko garin Naharlagun. Dogon gidanmu na namlo, wanda kowace mace ke da murhunta a ciki, yau za ka shiga ka tarar murhu ɗaya ko biyu ke hayaƙi, tsofaffi ne kawai zaune suna jiran a kawo musu labari. Mitun ɗinmu, wato irin shanunmu na tsauni, na yawo a daji babu matashin da zai kai musu gishiri.

Mu kuwa a bakin iyaka muke, tsakaninmu da Tibet tsaunuka ne kawai. Mun ji an ƙaddamar da shirin raya ƙauyukan kan iyaka a Kibithoo a 2023, don kada mutane su watse su bar wurin. Mu ma ba mu son tashi, kaburburan iyayenmu na nan. Dajin nan kuma ba a shigarsa da ka: ka tuna leburori 19 'yan Assam da suka bar aikin hanya a ɓangaren Huri a watan Yuli na 2022, suka ɓace a cikinsa, wasu ba a same su da rai ba.

Roƙonmu shi ne a gina mana gadar ƙafa mai igiyar ƙarfe da ginshiƙan siminti a gaɓa biyu. Ba mu ce ta mota ba. Wadda mutum huɗu za su ƙetara da marar lafiya a kafaɗa ta ishe mu. Filin da za a kafa ginshiƙan, masu shi sun bayar kyauta a gaban Nyele. Dakon siminti da waya daga inda mota ta tsaya, matasanmu sun ɗauki nauyinsa, haka fasa dutse da ɗebo yashi. Kafin gadar ta samu, muna roƙon a ƙetaro mana da shinkafar watannin damina gaba ɗaya tun a watan Afrilu, tare da gishiri da maganin zazzaɓi da na gudawa, a ajiye a ɗakin da za mu gina, makulli a hannun Gawon Bura, littafin rabo a buɗe ga duk jami'in da ka turo.

Muna fatan injiniya zai zo ya auna wurin kafin bikin Nyokum na 26 ga Fabrairu, lokacin da ruwa ya ja baya har ana ganin dutsen da ke gindin gaɓa. Idan aka wuce bikin Longte a Afrilu ba a fara ba, aikin sai wata shekara. Idan kuma ka samu sarari ka zo da kanka, za mu aiko samari su tarye ka a ƙarshen hanyar mota, su riƙe ka har ka ƙetare.

Mu ne naka masu biyayya,
Dattawa, Gawon Bura, mata da matasan ƙauyukan ƙetaren kogi, Da'irar Damin.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna a takardar da ke haɗe.