Godiya ga masu jirgin ruwan Kogin Melaka da Makcik mai girkin Nyonya

Assalamu alaikum Pakcik da Makcik (wato kawu da inna a yaren Malay), da yaranku baki ɗaya.

Tun daren ƙarshen shekara da muka hau jirginku nake son rubuta muku wannan wasiƙa, kuma da gangan na rubuta ta da Hausa na saka ta inda 'yan uwanmu za su gani, don ɗalibanmu na nan Malesiya da masu zuwa ziyara su san akwai mutanen kirki a bakin Kogin Melaka. Ku kuma ɗiyarku da ke kula da littafin buking na yi mata alkawari zan zauna na fassara mata kalma bayan kalma, in sha Allahu zan cika.

Hajiyarmu ce ta zo daga Kano ganin jika, watanta biyu a wajenmu a Serdang da ke jihar Selangor amma in banda asibiti da masallaci da kantin sayen kayan miya ba inda ta leƙa, kullum tana ɗaki tana wankan jego da jika. Sai maman yara ta ce ai bai kamata Hajiya ta koma gida a tambaye ta me ta gani ta ce bango huɗu ba. Ranar 1 ga Janairu kuwa hutu ne a Selangor da Melaka duka, to shi ne muka ce bari mu yi amfani da damar, ba wai wani bikin shekara muka ɗauka da zafi ba, lokacin ne kawai da ba lakca ba lab. Muka hau bas a tashar TBS ta Kuala Lumpur, wajen awa biyu muka sauka a Melaka Sentral.

Abu biyu ne suka tsaya min a rai kafin na biya kuɗin yawon jirginku da ake cin abincin dare a ciki, kuma duka biyun na faɗa muku a waya ba ɓoye-ɓoye. Na farko abinci. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san girkin Peranakan na asali, wato girkin Nyonya na jikokin Sinawan da suka daɗe a nan, akwai naman alade a ciki sosai, babi pongteh ma, romon naman alade, shi ne sarkin teburinsu, shi ya sa shekara uku ina nan ban taɓa yarda na ci ba duk da yadda ake ta yabonsa. Na biyu ruwa. Hajiya tun hatsarin kwale-kwalen Bagwai na 2021, wanda yaran Islamiyya suka rasu a hanyarsu ta zuwa Mauludi, ta ce ita da jirgin ruwa har abada, ko a talabijin ta ga kwale-kwale sai ta kau da kai.

Makcik, ba ki ji haushin tambayoyina ba, alhali na yi miki su kamar ɗan sanda. Kika turo min hoton takardar halal ta JAKIM, hukumar addinin Musulunci ta Malesiya, kika ce in ban gamsu ba na zo da rana na shiga kicin ɗin da ƙafata. Na zo ɗin kuwa da la'asar, ni da Hajiya. Wallahi abin da ya fara karya mata zuciya turmin dutsen nan ne. Muna shiga muka tarar da ke a zaune kan 'yar kujera kina dakan rempah, albasa ƙanana da tafarnuwa da barkono da kurkur da serai, ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da muke dafa shayi da ita a gida, ga blanda a ajiye kan kanta an rufe ta da tsumma. Hajiya ta ce min da Hausa, tambaye ta me ya hana ta niƙa a inji. Kika ce ai injin yanka yake yi, turmi shi ke fito da man kayan. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce wannan matar ta san girki. Daga nan fa ba ku ƙara buƙatata sosai ba, ke Malay ita Hausa, da hannu da nuni kuka ƙarasa hirar, har ta karɓi taɓaryar ta ɗan taya ki.

A nan ne kika ba mu labarin gidanku, cewa kakarki Nyonya ce da ta musulunta ta auri Bamalaye, ta taho da girkin gidansu duka sai abin da addini ya hana. Ga 'yan uwa da ba su sani ba, Peranakan daga kalmar anak ta fito, wato ɗa, ma'ana haifaffun ƙasa. Jikokin 'yan kasuwar Sin ne da suka zauna a Melaka da Penang da Singafo tun ɗaruruwan shekaru suka auri matan yankin, maza ana ce musu Baba, mata Nyonya. Shi ya sa za ka ga waken suya da taliya na Sinawa sun haɗu da madarar kwakwa da tsamiya da yaji na Malay a tukunya ɗaya. Mu da muka san yadda fatakenmu suka zauna a zangon Kumasi har waake ya zama abincin kowa a Gana, abin bai yi mana wuyar ganewa ba.

Pakcik, kai kuma ban san da wane baki zan gode maka ba. Da na ce za mu yi magariba da isha kafin mu shiga, kai ka nuna mana Masallacin Kampung Kling, wanda aka fara ginawa a 1748, mai hasumiya kamar ta gidan bautar Sinawa, har Hajiya ta tsaya tana tambaya ko na tabbata masallaci ne sai da ta ji kiran salla. Muka dawo gaɓa, ta ga ruwa baƙi ƙirin yana kaɗawa, ta ja ta tsaya cak ta ce ku je ku dawo ina nan. Sauran fasinja duk sun shiga. Wani da sai ya fara duba agogo. Kai kuwa kashe injin ka yi, ka fito da rigar ruwa da kanka, ka sa ɗiyarka ta ɗaura mata a kan hijabi ta ja igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka sa na fassara mata cewa mutum nawa doka ta ba ka damar ɗauka, ka ƙirga mata kawunan da ke ciki da yatsa ta ga ba su kai ba. Ka ce Hajah, bismillah. Ta karanta bismillahi majreha wa mursaha, kai ma ka karɓa ka ƙarasa ayar tare da ita. Ta shiga. Na ga hannunta yana rawa a kan ƙarfen kujera har muka wuce gada ta farko, ka kuma rage gudu ba tare da kowa ya roƙe ka ba.

To sai abinci ya fara fitowa daga cikin kwanukan nan masu hawa-hawa da kuke ce wa tingkat. Pie tee aka fara kawowa, wasu 'yan ƙoƙuna ne soyayyu ƙanana kamar hula an cika su da sengkuang, wata saiwa fara mai ɗan zaƙi, da aka yayyanka siriri da jatan lande, loma ɗaya ake yi musu. Sai ayam pongteh, kaza da dankali a cikin romo mai duhu na taucu da gula melaka. Taucu waken suya ne da aka bari ya ruɓa, gula melaka kuwa in ka gan shi ka ce mazarƙwaila ce, sai dai ba daga rake ake yin shi ba, daga ruwan furen kwakwa ne. Yara sun cinye nasu da shinkafa tas. Laksa, taliya a cikin romo mai yaji, ita ma ta yi, amma gaskiya ni ta ɗan yi min madarar kwakwa da yawa, na fi son asam pedas ɗin kifin nan mai tsami da yaji da ya sa ni gumi a tsakiyar kogi.

Amma maganar da ake ta yi a gidanmu har yau ita ce ayam buah keluak. Ayam kaza kenan, buah keluak kuwa wani ƙwallo ne baƙi mai ɓawo mai tauri, ɗanyensa guba ne, sai an dafa shi an binne cikin toka wajen kwana 40 kafin ya ciyu, ke kuma kika ce bayan kin saya sai kin ƙara jiƙa shi kwanaki kina sauya ruwa kina goge ɓawon da buroshi, sannan ki fasa bakin kowane ɗaya ki kwashe cikin ki daka da kayan haɗi ki mayar ciki ki dafa da kaza. Aikin kwana da kwanaki saboda cokali uku. Ni da na gan shi baƙi kamar kwalta na ɗan ja baya, Hajiya ce ta sa ƙaramin cokali ta ɗebo ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ƙara, sannan ta juyo ta ce min wannan ai daddawa ce. Kuma da gaske akwai wannan ɗaci-ɗacin da nauyin ƙamshin na daddawar kalwa a ciki. A lokacin ne na lura ta saki ƙarfen kujerar, hannu ɗaya na riƙe da ƙwallon ɗaya na riƙe da cokali, ga mu muna wucewa ta Kampung Morten gidajen katako na Malay duk an kunna musu fitilu. Makcik, kin ga lokacin da kika ƙaro mata guda biyu daga naki rabon, ta gani, kuma ta faɗa min a bas.

Ɗanku mai bayani ma ya yi ƙoƙari, bai cika mu da surutu ba. Ya nuna mana inda jan ginin Stadthuys na 'yan Holan yake, ya ce Fotugis sun ci garin a 1511, Holan ta karɓe a 1641, daga baya Ingila, kuma a 2008 UNESCO ta saka Melaka da George Town cikin wuraren tarihi na duniya. Wani dattijo cikin fasinja ya rera baiti biyu na dondang sayang, waƙar nan da ake jifan juna da baitoci, Makcik ta mayar masa da amsa kowa ya yi ta tafi. Ba giya a jirgin, ba kiɗa mai fasa kunne, jaririyarmu ta yi barcinta a kafaɗar uwarta.

Da sha biyu ta kusa Pakcik ya tsayar da jirgin a wani wuri mai faɗi, wasan wuta ya tashi ta saman gari yana faɗowa cikin ruwa kala-kala. Na kira ƙannena a Kano ta bidiyo, su a lokacin ƙarfe biyar na yamma ne don awa bakwai ne tsakaninmu, suna tsakar gida rana ba ta faɗi ba. Suka ga Hajiya da rigar ruwa ruwan lemo a kan hijabi tana tauna onde-onde, 'yan dunƙulen nan kore masu kwakwa a jiki da gula melaka ke fashewa a baki, suka yi ta ihu wai Hajiya ce a cikin jirgin ruwa? Ta ce ita ce, ta ɗaga musu hannu, sannan ta yi wa kowa addu'a har da ku, ta ce Allah ya tsare matuƙin nan da jirginsa da duk wanda zai hau.

Kuɗin da kuka karɓa bai kai wahalar da kuka yi ba, na kuma san kujerar jaririya da ƙarin abincin da kuka zuba mana ba su cikin lissafi. 'Yan uwa masu niyyar zuwa, ku yi buking da wuri don a daren ƙarshen shekara garin cika yake yi maƙil, ku kuma faɗi buƙatunku tun a waya, za su saurare ku.

Hajiya za ta koma Kano ƙarshen wata. Ta ce in gaya wa Makcik ƙullin buah keluak ɗin da kika ba ta yana nan ta jiƙa shi tana sauya ruwan kullum da asuba kamar yadda kika nuna mata, ranar Juma'a za ta gwada da kaza. Ta kuma ware miki daddawa dunƙule biyar da kuka daga cikin tsarabar da ta zo mana da ita, in na zo Melaka wata mai kamawa zan taho miki da su.

Terima kasih, wato na gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa.

Naku,
ɗan Hajiya, daga Serdang