Jirgin Safe Daga New York Zuwa Landan

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wata wahala da masu ƙetare Tekun Atlantika suka saba da ita har sun daina ƙorafi.

Shekara shida ke nan ina kai-komo tsakanin New York da Landan, inda 'yata take aure. Kusan duk jiragen da ke nufar gabas da daddare suke tashi. Ka tashi ƙarfe tara, tafiyar kusan awa bakwai, ga bambancin agogo na awa biyar, sai ka sauka da hantsi. Kafin a raba abinci, a kwashe, a rage fitilu, barcin da ya rage maka bai fi awa uku ba, shi ma a zaune. Ni da na ba sittin baya, kwana biyu nake yi kaina na juyawa, har lokutan salla su rikice mini.

Bara na gwada jirgin safe. Mun tashi wajen takwas, muka sauka wajen takwas na dare agogon Landan, na yi wanka na kwanta a gado kamar kowa. Washegari garau na tashi.

Da na ɗauka rashin tausayi ne ya sa kamfanoni ba sa yawaita irinsa. Ashe lissafi ne. Jirgin da ke ajiye a ƙasa ba ya kawo ko sisi. Na dare yana sauka da safe, a share shi, a zuba mai, ya juya yamma da rana, ya iske fasinjan dare na jiransa a New York: zuwa da dawowa cikin kwana ɗaya. Na safe kuwa, in ya sauka da daddare, yawanci sai ya kwana a Heathrow, babban filin jirgin saman Landan, inda aka taƙaita sauka da tashi daga 11:30 na dare zuwa 6 na safe. Ga kuma masu canjin jirgi zuwa wasu ƙasashe, waɗanda za su tarar jiragensu sun riga sun tafi. Shi ya sa sai biranen da ke da ɗan kusa, irin su New York da Boston, ake samun wannan gata. Mutumin Los Angeles, da bambancin awa takwas da tafiyar sama da awa goma, ko a mafarki.

Na fahimci uzurinsu, amma ban gamsu duka ba. Yanzu akwai ƙananan jirage irin Airbus A321LR da ke ƙetare tekun, ba sai an cika kujera ɗari uku ba kafin a ci riba. Tsofaffi da masu goyo kaɗai sun isa su cika ɗaya kowace safiya. Ni dai tikitina na gaba tun yanzu na yanka, na safe, kujerar bakin taga.

Naka,
Wani mai karatu daga New York